Makarantar Tsallaken Kogi

Litinin, 2 ga Satumba, da hantsi

Don 'yata Tuda na sayi wannan littafi, sai ga shi ta sami guda biyar daga malaminsu Ustaz Radwan, kyautar zuwa ta ɗaya a aji shida. Shi ya sa na riƙe shi. Malamar da ta koya wa matan ƙauyenmu Imin Tazart karatu a masallaci takan ce wadda ta daina rubutu hannunta zai manta. Ina da shekara talatin da uku na fara riƙe alƙalami. Ba na so hannuna ya manta.

Jibi zan kai Tuda garin Larba in yi mata rajista a ƙaramar sakandare. A jikin makarantar akwai gidan kwanan 'yan mata. Daga nan tafiyar awa ɗaya ce a ƙafa zuwa kogi, a haye gada, sai mota. Za ta riƙa zuwa gida duk Asabar. Takardunta suna cikin leda a ƙasan akwati: ta haihuwa, ta sakamako, hotuna huɗu. Na duba su sau biyu yau.

Lalla Mammas, uwar mai gidana, ta ce, "Yarinya ɗaya za ta tafi, kin hana gida sakat kamar za a tashi ƙauyen." Amma ita ce ta ɗinke bargon.

Laraba, 4 ga Satumba, bayan La'asar

Shugabar gidan kwana ta karɓe mu da fara'a. Ta nuna wa Tuda gadonta, na sama, kusa da taga. Ta ce mu kawo mata takardar shiga daga makaranta kawai.

A makaranta shugaban ya buga sunan a kwamfuta, ya sake bugawa. Ya ce bai fito ba. Na miƙa masa takardar sakamako, ya yaba, ya ce, "Ai 'yarki gwana ce, amma ni ba zan iya rubuta wanda kwamfuta ba ta ba ni ba. Ki je ofishin ilimi na lardi." Akwai mutane cike a bayana, ban tambayi komai ba.

Shugabar gidan kwana ta ce za ta riƙe gadon har talatin ga wata. Bayan nan akwai yara goma sha ɗaya da ke jira.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Na je birnin gangare, inda asibiti yake, inda muke zuwa komai. Na sami ofishin ilimi. Mai gadi ya ba ni lamba, na zauna har azahar. Wani ya karɓi kwafin takardun, ya ce in dawo Litinin.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan azahar

Na hau dutsen bayan masallaci da waya, kamar kowace Juma'a. Can ne kawai waya ke kamawa. Na zauna gwargwadon yadda na saba, na sauko. Lalla tana bakin ƙofa da maƙwabta. Na ce mata ɗanta yana gaishe da kowa, aiki ya yi masa yawa. Ta ce Allah ya yi masa albarka, da ƙarfi, don su ji.

Litinin, 9 ga Satumba, da yamma

Mai takardun bai zo aiki ba. Laraba.

Laraba, 11 ga Satumba, kafin Magariba

Yau wani dattijo mai tabarau ya buɗe takardun a gabana. Ya tambayi sunan ƙauyenmu, na faɗa. Ya tashi ya je wajen taswirar da ke bango, ya bi da yatsa, ya tsaya.

"Baiwar Allah, ku ba namu ba ne."

Na ce a nan na haifi Tuda, a asibitin nan. A Larba muke cin kasuwa tun kakanninmu, can muke kai sha'ir niƙa, can ake yi wa awakinmu allura. Ya ce duk ya yarda, amma makaranta ba ta bin kasuwa. Kogi ne iyaka. Mu muna wancan gefen.

Ya maido mini da takardun. Mako guda ya tafi a banza. A mota na yi ta ƙirga kwanakin da suka rage da yatsu, har matar da ke kusa da ni ta zaci tasbihi nake.

Yara sun fara karatu a Larba tun Litinin. Tuda ta kai awaki kiwo da littafin lissafi a hammata.

Alhamis, 12 ga Satumba, da hantsi

Ustaz Radwan ya dawo daga taron malamai, na tare shi kafin ya buɗe aji. Da ya ji labari sai ya dafe kai ya ce mini, "Lalla Izza, da ni kika fara tambaya." Ya biyo ni gida. Na dafa shayi, shi kuma ya kwashe kofunan ya jera su a kan tire don ya nuna mini. Zan rubuta yadda ya ce, don kada in sake ɓata.

Butar shayi ita ce ma'aikatar ilimi a babban birni. Ƙarƙashinta kowane yanki na ƙasa yana da hukumar iliminsa, da shugabanta, da kuɗinta, da malamanta. Ƙarƙashin hukumar yanki akwai ofisoshin lardi. Ƙarƙashin lardi akwai manyan makarantu, kowace tana da ƙananan rassa a ƙauyuka. Tamu mai aji biyu reshe ce, uwarta tana bayan dutse. Don haka duk yaron da ya gama a nan, kwamfuta tana tura shi sakandaren bayan dutse. Ya ajiye cokali a tsakiyar tire ya ce wannan ne kogi. Larba ba lardinta kaɗai ya bambanta da namu ba, yankinta ma daban ne.

Lalla Mammas ta ce, "To ka ɗauke cokalin mana, ɗan nan."

Ya yi dariya ya ce da yana iyawa da ya daɗe da neman canji zuwa garinsu.

Sakandaren bayan dutse tafiyar awa huɗu ce, kuma gidan kwananta na maza ne kawai. Tuda ce yarinya ta farko daga nan da za ta wuce aji shida, shi ya sa ba wanda ya taɓa cin karo da wannan. Ustaz ya ce akwai hanya: in nemi canji a ofishin lardinmu, su tura wa hukumar yankinmu, ita ta sanar da ta wancan yanki, sunan ya fito a Larba. Ya rubuta mini takardar roƙo. Ya ce in tafi da komai na gida, har littafin iyali. Da ya ce littafin iyali bai dube ni ba.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan azahar

Na hau, na sauko. Yana gaishe da kowa.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan Magariba

Motar Si Muha, direban ƙauyenmu, ta tashi da asuba, ni da buhunan ɓaure da tumaki biyu. Ban taɓa zuwa birnin bayan dutse ba, ga shi an ce shi ne namu.

Mace ce a teburin canjin makaranta, ba ta wuce sa'ata ba. Ta karanta komai a natse. Ta ce roƙon yana da hujja, tun da babu wurin kwanan mata a nan, ba za a ƙi ba. Sai ta juyo da takardar ta nuna mini wani layi a ƙasa. Sa hannun waliyyi. Na ɗauki biro. Ta ɗora hannunta a kan takardar.

"Uban yarinya ne waliyyi, 'yar'uwa. Shi zai sa."

Na ce yana wajen aiki, da nisa. Ta ce ba komai, ya je kowane ofishi inda yake, ya sa hannu a tabbatar, ya aiko. Ko ya rubuto wakilci da sunana. Kwana uku ya isa. Na ce to. Ta ce, "Kina da lambarsa ai?" Na ce ina da ita.

Na mayar da takardun cikin leda, na kai ƙofa. Ta kira ni ta rage murya. Ta ce ita ba ta tambaye ni komai ba, amma mata da yawa suna zuwa teburin nan. In mutum ba ya nan, kuma ba a san inda yake ba, maza goma sha biyu da suka san shi sukan je gaban adalai, masu rubuta shaida na kotu, su faɗi haka. Alƙali ya sa hatimi, uwa ta sa hannu a madadinsa.

Na ce mata mu ba mu kai nan ba. Ta ce Allah ya sa.

Talata, 17 ga Satumba, da safe

Na duba ledar. Komai yana nan. Saura kwana goma sha uku.

Laraba, 18 ga Satumba, da azahar

Ban je kasuwa ba. Na je wanki bakin rafi, na tarar da Hadda maƙwabciyata. Tun muna amare muke tare, bakinta ba ya da murfi. Ta ga ina cuɗa riga ɗaya har sau uku.

"Ke, rigar nan ta yi miki rashin kunya ne?"

Na faɗa mata abin da matar ofis ta ce. Ban taɓa faɗa wa kowa ko rabinsa ba. Ta matse zanen da ke hannunta ta shanya a kan dutse kafin ta amsa.

"Izza, ɗana yana kiwo a bayan dutsen nan kowace Juma'a. Shekara biyu bai taɓa jin wayarki ta yi ƙara ba. Kowa ya sani. Muna amsa gaisuwar ne saboda tsohuwa."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "In gaya miki abin da kika fi ni sani? Ni dai na ce matar nan cinyoyinta za su fi na alfadari ƙarfi saboda hawan dutse." Na yi dariya, ban so ba. Daga nan ban iya ci gaba da wankin ba, ita ta ƙarasa mini.

Ta ce mijinta zai je, ko ya so ko bai so ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan La'asar

Na je wajen Baffa Haddu, ƙanen Lalla, shi ne babba a jama'ar ƙauye. Yana gyaran bangon gona. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana juya dutse ɗaya a hannu.

Ya ce maza goma sha biyu ba wuya, ko ashirin nake so. Amma ba namijin da zai hau mota ya je ya faɗi wannan magana a gaban hukuma alhali yayarsa tana cewa ɗanta yana waya. "Ita ta goya ni, 'yata. Ba zan ƙaryata ta a kotu ba. In ta ce a je, a je."

Da na dawo na sami Lalla tana tsince alkama. Na zauna na taya ta. Na fara da gadon Tuda, da talatin ga wata, da layin da ke ƙasan takarda. Ban kai ga shaidu ba ta gane, ina jin labari ya riga ni.

"Ɗana yana aiki," ta ce. "Ba za a rubuta shi a takardar ɓatattu ina da rai ba. Yarinya ta jira baɗi. Karatu ba ya ruɓewa."

Na ce baɗi ma layin yana nan. Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki.

Ban ji haushinta ba. Ni na fara kawo mata gaisuwar nan, watan farko, don ta ci abinci. Ban san yadda ake dainawa ba.

Juma'a, 20 ga Satumba, da yamma

Bayan an sauko daga masallaci na ɗauki wayar, don ban san abin da zan yi ba in ban ɗauka ba. Sai ga Tuda ta sa takalmi.

"Inna, yau tare za mu hau. Ni zan yi wa Baba magana. In ya ji muryata zai sa hannun."

Ban sani ba ko da gaske take, ko ta sani. Shekararta goma sha biyu, kuma ita ce ta ɗaya a aji. Na tsaya riƙe da waya. Lalla tana zaune a kan tabarma tana kaɗi.

"Ba za ta hau ba," in ji Lalla.

Tuda ta ce, "Don me, Kaka? Ba babana ba ne?"

Mazarin Lalla ya ci gaba da juyawa har zaren ya tsinke, ba ta ɗaura ba. Can ta ce, "Cire takalmin, uwata. Je ki ba kaji ruwa." Da yarinyar ta fita ta dube ni. "Ke ma ajiye abin nan. Gwiwoyinki ba na ƙarfe ba ne."

Na ajiye. Maƙwabta ba su zo bakin ƙofa ba yau.

Asabar, 21 ga Satumba, da safe

Lalla ba ta karya kumallo ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, da hantsi

Ta yafa farin mayafinta na zuwa gaisuwa, ta ɗauki sanda ta fita ba ta ce ina za ta ba. Hadda ta ce ta gan ta ta shiga gonar Baffa Haddu. Ba ta daɗe ba. Da ta dawo ta ce mini, "Talata. Ki gasa burodi mai yawa, mazan nan ba sa tafiya da ciki wofi. Ki sa man zaitun na tulun baya, kada a ce gidanmu rowa."

Talata, 24 ga Satumba, bayan Magariba, a gidan 'yar Baffa a birnin bayan dutse

Wannan karon Ustaz Radwan ya tabbatar mana tun kafin mu tashi cewa adalan gefenmu za mu, ba na Larba ba. Maza goma sha biyu suka bar girbin masara suka hau bayan motar Si Muha. Ni ina gaba. Duk hanya suna tsokanar mijin Hadda, wai matarsa ce ta ɗaure masa rawani ta turo shi. Ya ce aƙalla shi akwai mai ɗaure masa.

Muka shiga ofishin adalai. Aka karɓi katin ɗan ƙasa na kowa. Na tsoho Assu ya ƙare aiki tun shekara huɗu, aka ce ba zai yi ba. Ya ce, "Katin ne ya tsufa ko idona? Ni na yanka ragon sunan yaron nan." Suka ce doka ce. Muka zama sha ɗaya.

Baffa ya leƙa waje ya kira Si Muha, yana kwance a ƙarƙashin mota yana hutawa. Ya shigo yana goge hannu. Aka tambaye shi ko ya san mai gidana, Bassu ɗan Lahsan. Ya ce, "Ni na sauke shi a tashar Larba, watan azumi, shekara biyu da suka wuce. Jaka ɗaya ce a hannunsa. Ya ce zai gangara bakin teku, akwai masu haye da mutane. Tun ranar nake duba fuskar duk wanda ya tsayar da ni."

Ban taɓa jin zancen teku daga bakin kowa ba sai yau. Ni kaɗai na zaci ya gaya wa.

Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa, aka rubuta. Na rubuta sunansa a nan yanzu, na ga ban mutu ba.

Laraba, 25 ga Satumba, da La'asar

Mazan sun koma jiya, ni da Baffa muka kwana. Alƙali ya yi mini tambaya uku ya sa hatimi.

Alhamis, 26 ga Satumba, da yamma, a gida

Matar teburin canji ta karanta takardar alƙali, ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta juyo da takardar roƙon ta miƙo mini biro. Na rubuta sunana cikakke a layin waliyyi, a hankali, bai karkace ba. Ta ce yau za ta shigar, shugaban lardi ya sa hannu, roƙon ya tafi hukumar yanki. Daga can ba hannunta. Na ce Litinin ne talatin. Ta ce ta sani, za ta buga waya da kanta.

Asabar, 28 ga Satumba, da azahar

Ustaz ya tambaya. Roƙon yana hukumar yankinmu, bai haye ba tukuna.

Litinin, 30 ga Satumba, bayan Magariba

Ban jira labari ba. Muka ɗaure bargo da akwati muka tafi Larba da sassafe. Na ce in za a ba wata gadon, a ba ta muna tsaye.

Shugaban makaranta ya duba da ƙarfe tara, babu. Ya duba da sha ɗaya, babu. Ya ce mu je mu ci abinci, na ce mun ƙoshi. Muka zauna a benci a ƙofarsa. Tuda tana jin ana karatu a ajin da ke kusa, leɓenta yana motsi tana bin su. Shugabar gidan kwana ta zo ta wuce sau biyu, tare da wata uwa da 'yarta da nasu bargon. Ban iya duban matar ba. Ita ma daga wani dutse ta sauko.

Bayan La'asar ya leƙo ya ce, "Tuda Bassu. Aji ɗaya, ɗaki na uku. Ta yi rashin mako uku, sai ta dage."

Tuda ta ce, "Na kai shafi na arba'in a lissafi." Ya ce su suna na sha takwas.

Na shimfiɗa mata bargon da kaina. Waccan yarinyar an ce za a sa mata katifa a ƙasa zuwa wani lokaci, ban san ko gaskiya ba ne. Tuda ba ta yi kuka ba. Ni ma sai da na haye gada.

Talata, 1 ga Oktoba, da hantsi

Gidan ya yi faɗi. Ni na kai awaki.

Da na dawo Lalla ta ce in ɗauko takardar da mazan suka yi. Tun da muka dawo da ita ba ta tambaya ba. Ta ce in karanta mata, duka, kada in tsallake komai don ita. Na zauna kusa da ita na karanta. Larabcin kotu yana da nauyi, ina yi ina mayar mata da harshenmu. Sunayen shaidu goma sha biyu, ta san uban kowa. Sai inda aka ce Bassu ɗan Lahsan ya bar gidansa tun watan azumin shekara kaza, bai dawo ba, bai aiko ba, ba su san inda yake ba.

Ta ce in maimaita wurin. Na maimaita.

"Sun rubuta ya mutu?"

"A'a, Lalla. Sun rubuta ba ya nan."

Ta karɓi takardar ta riƙe, ita da ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ta ce in nuna mata inda sunansa yake. Na ɗora yatsanta a kai. Ta daɗe a haka.

"To ba su yi masa ƙarya ba," ta ce.

Ta miƙo mini, ta jawo sandarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta tambaye ni ko a can suna ba yara burodi mai kyau, ko irin na kanti ne mai kama da auduga. Na ce na kanti ne. Ta ce to in jiƙa sha'ir ran Alhamis, Tuda za ta zo Asabar.